Kiwon Jan Jatan Lande A Ƙasa Mai Zafi

Jatan lande ba kifi ba ne, ɗan'uwan ƙaguwa ne, kuma yana da dangantaka ta kusa da ƙwari. Irin da aka fi kiwo a akwatin gilashi domin ado shi ne Neocaridina davidi, wanda asalinsa gabashin Asiya ne. Tsawonsa bai cika wuce santimita 3 ba. Macen kan rungumi ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta, tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta har su ƙyanƙyashe bayan kamar mako 3.

Ɗalibin da zai gwada kiwonsa a Gafasa, ko wani gari na Ajingi da Gaya, abokan gabarsa biyu ne. Na farko zafin bazara, wanda kan kai digiri 40, alhali wannan halitta ta fi son 22 zuwa 26. Inuwa da jiƙaƙƙen buhu kan sanyaya akwatin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

Na biyun ya fi muni: maganin sauro. Saboda dangantakar nan da ƙwari, feshi ɗaya a ɗaki na iya kashe su ƙurmus kafin wayewar gari.