Layin Makirfo a Kasuwar Alaba

Kasuwar Alaba tana cikin ƙaramar hukumar Ojo, a gefen babban titin da ya tashi daga Legas ya nufi Badagiri. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 ta fara kafuwa, yau kuwa duk mai harkar kayan lantarki a Afirka ta Yamma ya san da zamanta. Yawancin masu shagunan Ibo ne, da dama daga cikinsu sun taso ne a matsayin yaran shago, suka yi shekaru suna yi wa ubangida hidima kafin ya sallame su da jari. Bahaushe ma ba baƙo ba ne a yankin, domin a Alaba Rago, nan kusa, mutanenmu sun daɗe suna cinikin raguna da kayan abinci.

Layin kayan sauti ba sai an nuna maka shi ba, kunnenka ne zai sanar da kai ka iso. Kowane shago ya fito da manyan lasifikoki bakin ƙofa, irin waɗanda majami'u da masallatai da masu kiɗan biki ke saye, kowa yana ƙure tasa don ta danne ta maƙwabci. Ga rurin janareto, ga masu baro suna neman hanya. A cikin wannan hayaniya, can ƙuryar shago a akwatin gilashi, ake ajiye makirfon situdiyo. An ƙera shi ne don ya ɗauki numfashin mutum da motsin leɓɓansa, amma ana cinikinsa a inda sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan ciniki daga nan take tasowa.

Kayan suna shigowa ne a kwantena ta tashoshin jirgin ruwa na Apapa da Tin Can, daga Ingila da Jamus da Amurka. Wani makirfon daga situdiyon da aka rufe ya fito, wani daga makaranta ko majami'ar da ta sabunta kayanta. Su ake kira tokumbo. Idan aka buɗe kwantena, akan sayar da wasu a tsibi ba tare da an gwada ba, da araha, mai saye ya ɗauki ƙaddararsa. Waɗanda aka gwada aka goge su ne ke shiga gilashi. Akwai kuma na hannu da aka yi aiki da su a nan gida, waɗanda kuɗinsu bai kai na tokumbo ba, saboda kowa ya san abin da danshin Legas da ƙurar Arewa ke yi wa na'ura. Daga Alaba kaya ke hawa mota zuwa shagunan Sabon Gari a Kano, daga can su isa situdiyoyin Titin Zoo da na Kaduna da Jos.

Dalilin neman na hannu ba ɓoyayye ba ne. Neumann U87, wanda kamfanin birnin Berlin ya fitar a 1967 kuma har yau manyan situdiyoyin duniya ke ji da shi, sabonsa ya haura dala 3,000. Tun da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023, ko ƙananan makirfo irin su Audio-Technica AT2020 na Japan da Rode NT1-A na Ostareliya sun yi wa matashi mai ƙaramin jari nisa. Masu bukata kuwa ƙaruwa suke yi. Bayan mawaƙan fim da sha'irai masu bege, yanzu ga masu karanta littattafan Hausa a YouTube, ga masu shirye-shiryen hira, ga almajiran malamai da ke son karatun tafsiri ya fita tas. Kasuwar tana da kakarta: gabanin azumi da lokacin yaƙin neman zaɓe, sa'ad da waƙar siyasa ke hana situdiyo barci, kaya ba sa daɗewa a gilashi.

Makirfon da ake samu a layin kashi biyu ne manya, kuma kowanne da irin haɗarinsa.

Na farko shi ne mai maganaɗisu da naɗin waya a ciki, wanda ba ya bukatar a ba shi wuta. Sarkinsu Shure SM58, da ya fito a 1966, shekara guda bayan ɗan'uwansa SM57. Wannan ko ya sha faɗuwa, ko ragar kansa ta lotse, yawanci muryarsa tana nan. Ragar ma kwancewa ake yi a ɗaura sabuwa. Tsufa ba ya ba ni tsoro a kansa. Abin tsoro jabu ne. Da wuya a sami makirfon da aka kwaikwaya a duniya kamar SM58, kuma masu kwaikwayon sun ƙware har kan kwali da jaka. Tsohon hannu a sana'ar yakan fara da auna shi a tafinsa, don na asali nauyinsa ya kusa giram 300, jabu kuwa sau da yawa bai kai ba. Sai ya kwance shi ya duba wayoyi da kyawun haɗinsu. Farashi ma shaida ne: abin da sabonsa ke kusan dala 100 a ƙasar da ake yinsa, in aka ce maka ga shi fil a leda a kan rubu'in haka, ka san abin da ke hannunka. Na fi amincewa da tsohon da fentinsa ya koɗe a kan sabon da ke sheƙi ba a san asalinsa ba.

Kashi na biyu shi ne kondensa, wanda yawancin masu situdiyo ke mafarkinsa. Zuciyarsa wani faifai ne na leda mai matuƙar sirantaka da aka shafa wa ruwan zinariya, yana rawa a gaban wani faranti na ƙarfe, kuma sai an tura masa wuta mai ƙarfin bolt 48 ta cikin wayarsa mai haƙora uku kafin ya yi magana. Shekarun da mawaƙa suka yi suna rera waƙa a gabansa suna barin yawu da ƙura, wani lokaci da hayaƙin taba, a kan faifan nan. Daga waje jikinsa sumul, ciki kuwa ya gaji. Akwai gwajin da masana suka sani: a huro masa numfashi mai ɗumi a hankali daga kusa. Idan faifan yana da tsabta, sauti zai ci gaba yadda yake. Idan datti ya taru, danshin numfashin zai haɗu da shi, sai ka ji ƙarar tsartsatsi, ko sautin ya ɗauke na ɗan lokaci kafin ya dawo. A haska tocila ta cikin raga kuma a duba ko akwai ɗigo-ɗigo ko yamutsewa.

Sai dai babban ciwon kondensa ba ya fitowa sai an yi tsit. Wata 'yar shuuu ce da tsohuwar na'ura ke yi ita kaɗai, ko wani gurnani siriri da ke ƙarƙashin murya. A tsakiyar Alaba ba mahalukin da zai ji ta. Yaron shago zai jona makirfon a babbar lasifika, ya ƙwanƙwasa kansa, ya ƙirga ɗaya, biyu, murya ta fito rangaɗau, mai saye ya washe baki ya biya. Sai ya isa Kano, ya rufe ƙofar ɗakin ɗaukar murya, ya sa abin saurare a kunne, sannan ciwon ya bayyana, ga kuma tafiyar kilomita kusan 1,000 tsakaninsa da shagon. Wannan gwaji na bakin ƙofa yana nuna cewa makirfon bai mutu ba, iyakarsa ke nan. Sayen kondensa da shi kaɗai daidai yake da sayen doki a duhu.

Shi ya sa masu saye da suka goge ke zuwa da kayan gwajinsu: kwamfutar hannu, ƙaramar na'urar haɗa makirfo da kwamfuta irin ta Focusrite, wayar da suka yarda da ita, da abin saurare mai rufe kunne ruf. Sukan roƙi a shiga da su ɗakin ajiya na baya ko saman bene, a ja ƙofa, su ɗauki minti guda na shiru da minti guda na magana, su saurara. A nan ake gane ɗan kasuwar kirki. Akwai waɗanda za su ba ka kujera, su kashe fanka, har su yarda ka tafi da shi masauki ka kwana kana gwadawa, in bai yi ba ka dawo da shi. Irin waɗannan su ne lambarsu ke yawo daga situdiyo zuwa situdiyo a Arewa, har a riƙa tura musu kuɗi ba a gan su ba. Wanda kuwa ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, kuma ya hana gwaji a wuri mai shiru, ko ya rage rabin kuɗi ban ba da shawarar a taya ba.

Akwai wani abin da nake so matasanmu su riƙa tunawa kafin su zuba jarinsu a kan suna. Yawancin ƙananan situdiyoyinmu ɗaki guda ne a bakin titi, janareto na bayan taga, babura na wucewa. Kondensa mai tsada duk zai kwashe wannan ya haɗa da waƙar. A irin wannan ɗaki, mai maganaɗisu irin Shure SM7B yakan fi amfani, tunda a bakinsa ake waƙa kuma bai cika jawo na nesa ba. Da tsohon samfurinsa, SM7, aka ɗauki muryar Michael Jackson a yawancin waƙoƙin kundin Thriller na 1982. Sharaɗinsa ɗaya, sautinsa ƙasa-ƙasa yake fita, yana bukatar na'ura mai ƙarfin ɗaga shi, don haka a sa kuɗinta a lissafi. Shi ma jabunsa ya cika kasuwa.

Maganar gyara ita ce ta ƙarshe da ya kamata a yi kafin ciniki ya faɗa. Masu gyaran Alaba gwanaye ne wajen canza haƙoran jona waya, da makunni, da ɗinke wayar da ta tsinke a ciki, kuma ba su da tsada. Faifan kondensa kuwa aikin ƙwararru ne. Wanda ya sa masa auduga ko tsumma ya gama da shi. A manyan makirfo, sabon faifai kaɗai yana cin kaso mai tsoka na kuɗin makirfon gaba ɗaya, kuma sai an yi odarsa daga waje. Idan gwajin numfashi ya nuna matsala, ko dai a zaftare kuɗin faifan daga farashi, ko a ce albarka a matsa shago na gaba. Idan kuma ya tsallake, a nemi akwatinsa da mariƙinsa mai roba, a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi a ciki, kuma a riƙe shi a jakar hannu a mota, kada a yarda ya shiga but tare da lasifikoki.