Shin Addini Ne Ya Fito Da Tatar Yaƙi?

 Duk lokacin da karatu ya kawo mu kan faɗuwar Bagadaza a shekara ta 656 bayan Hijira, wato 1258, ɗalibai sukan tambaya: mutanen nan da littattafanmu ke kira Tatar, yau kuma ake ce musu Mongol, addini ne ya fito da su ko kwaɗayin dukiya?

Dukiya da ramuwa suna ciki. Abin da ya jawo su ƙasashen Musulmi shi ne kisan da gwamnan Otrar ya yi wa ayarin fatakensu a 1218, sannan Sarkin Khawarizm ya sa aka kashe manzon da aka aiko neman bahasi. Amma abin da ya hana yaƙin tsayawa a nan, aƙida ce.

Suna bauta wa Tengri, wato sama madawwamiya, suna kuma da bokaye masu da'awar sanin gaibu. Zamanin da aka naɗa Jankiz Khan a 1206, wani bokansu, Teb Tengri, ya yi ta shelar cewa sama ta ba shi mulkin ƙasa. Da bokan ya fara neman raba iko da shi, sai aka karya masa ƙashin baya ya mutu. Kun ga wanda ke riƙe da linzami tsakanin sarki da boka.

Daga nan suka ƙudurta cewa duniya duka an riga an ba gidan Jankiz Khan. Mutane a wurinsu kashi biyu ne, wanda ya miƙa wuya da ɗan tawaye. Kalmar da suke kiran zaman lafiya da ita, ita ce kalmar miƙa wuya. Sarkin da bai taɓa jin sunansu ba, in ya ƙi biyan haraji, ya saɓa wa sama, jininsa da na garinsa sun halatta. Wasiƙar da Guyuk Khan ya aika wa Fafaroma a 1246 tana nan ajiye a Fadar Vatican, umarni ne ya zo da kansa ya yi mubaya'a.

Abin mamaki, ba su kiran kowa zuwa ga Tengri. Sukan ɗauke wa malamai da limaman coci haraji don su yi wa Khan addu'a. Matar Hulaku Kirista ce, haka ma Kitbuga, kwamandan da Kutuz da Baibars suka karya a Ainu Jalut cikin Ramadan na 658. Wasu marubuta na kiran wannan sassauci, mu dai muna ganin yabon ya wuce gona da iri, domin a ƙarƙashin Jagatai Musulmi ba ya iya yanka tunkiya a fili bisa shari'a, dokarsu ta Yasa ta hana.

Wannan dokar ce ta rage bayan jikokinsu sun shiga Musulunci. Barka Khan ya musulunta har ya yaƙi ɗan uwansa Hulaku. Ghazan ya musulunta a 1295, amma bai fasa kai wa Sham hari ba, kuma riƙon da suka yi wa Yasa yana cikin hujjojin Ibnu Taimiyya lokacin da ya ba mutanen Dimashƙa fatawar su yaƙe su.