Ƙananan Jiragen Jet Masu Tashi da Rimot: Yadda Ake Haɗa Su da Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

A 'yan shekarun nan matasa da dama a garuruwa da ƙauyukanmu sun rungumi ƙera ƙananan jiragen sama da ake sarrafawa daga ƙasa. Wasu magidanta na kallon abin a matsayin wasan yara, wasu kuma na firgita idan suka ga jirgi yana shawagi a kan gonakinsu, musamman a wannan lokaci da batun tsaro ke zukatan kowa. A bisa wannan dalili muka ga ya dace mu yi bayani a kan mafi gudu daga cikinsu, wato samfurin jet, domin dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi su san abin da za su tambaya idan irin wannan jirgi ya bayyana a yankinsu.

Ire-iren Jirgin

Jet ɗin rimot iri biyu ne. Na farko yana aiki da batir: injin lantarki ne ke juya wata fanka da aka ɓoye cikin bututu, tana zuƙar iska ta gaba tana fesar da ita ta baya. Faɗin fankar yakan kama daga milimita 50 zuwa 90, kuma jirgin kan wuce kilomita 100 a awa. Na biyu yana da injin jet na haƙiƙa mai ƙona kananzir, irin wanda kamfanonin JetCat na Jamus da KingTech na Taiwan ke ƙerawa. Wannan inji yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, iskar da ke fita bayansa kuma zafinta kan kai digiri 600 a ma'aunin Salshiyas. A shekarar 2017 wani Bajamushe, Niels Herbrich, ya tuƙa irin wannan jirgi a gudun kilomita 749 a awa. Tsadarsa da haɗarinsa sun sa mai koyo ba shi da hurumi a nan. Bayaninmu zai fi karkata ga mai batir. Shi ɗin ma, gwanaye na ba da shawarar a fara ƙwarewa da jirgi mai farfela, mai tafiya a hankali, kafin a taɓa shi.

Haɗa Jiki da Kayan Ciki

Galibi ana yin jikin da farin soso mara nauyi, dangin wanda ake kare firji da talabijin da shi a cikin kwali, a ƙarfafa fukafukan da siririyar sanda. A kula da gam, domin wasu nau'o'insa na cinye soson nan take. A gwada a kan guntu tukuna. Gam ɗin da ake narkarwa da zafi kuwa yakan saki idan aka bar jirgin a rana ko cikin mota a rufe.

Kayan ciki biyar ne: fanka da injinta, na'urar daidaita gudun injin, batir, na'urar karɓar umarni daga rimot, sai ƙananan injinan da ake kira sarbo, masu motsa lallausan gefen fukafukai da na wutsiya. Wajibi ne ƙarfin batir ya dace da injin da kuma na'urar daidaita gudu, in ba haka ba na'urar za ta ƙone. Haka nan bututun iska ya kasance sumul, ba waya ko guntun soso a ciki, domin duk abin da fanka ta zuƙa zai karya ta.

Daidaita Nauyi

Nan ne mafi yawan masu koyo ke yin asara. Kowane jirgi yana da cibiyar nauyi, wato wurin da idan aka tallafe shi da yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai zai tsaya daidai. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, wurin yana tsakanin kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na faɗin fiffiken, daga gefen gaba. A jet mai fukafukai da suka karkata baya, sai a bi awon da ke kan zanen jirgin. Ana yin gwajin ne bayan an saka batir, kuma da matsar da batirin gaba ko baya ake gyarawa, sannan a ɗaure shi kada ya motsa. Idan gaba ya ɗan rinjaya, jirgin zai tashi, sai dai saukarsa za ta zo da gudu. Idan baya ne ya rinjaya, zai riƙa ɗaga kai yana ƙin bin umarni har ya faɗo.

Gwajin Rimot Kafin Tashi

A kunna rimot kafin a jona batir, a kuma cire batir kafin a kashe rimot. Mai jirgin ya tsaya a bayansa ya duba kowane motsi: idan ya ja sandar rimot baya, gefen wutsiya ya ɗaga sama, idan ya karkata ta dama, gefen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Sarbo ɗaya da aka juya a baibai ya isa ya kifar da jirgi cikin daƙiƙu kaɗan. Bayan haka a rage ƙarfin rimot, a ja da baya kimanin taku 30, a tabbatar jirgin na amsawa. Abu mafi muhimmanci ga lafiyar jama'a shi ne a saita jirgin yadda injinsa zai mutu da kansa da zarar sadarwa ta yanke, kuma a gwada hakan a ƙasa alhali an riƙe shi.

Batir da Gobara

Batirin lithiyom da ake amfani da shi yana da volt 3.7 a kowane ɗaki, ya cika a 4.2, kuma ana ajiye shi a wajen 3.8. Idan ya huje, ko ya kumbura, ko aka zarce da cajinsa, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kada a yi caji a ɗakin kwana, ko kusa da rumbu da danga, kuma kada a tafi a bar shi. A aza shi a kan siminti, da bokitin yashi a kusa. A lokacin hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe, faɗuwar jirgi ɗaya na iya cinye amfanin gonar shekara.

Fili da Izini

A zaɓi fili mai faɗi, nesa da gidaje, kasuwa, makarantu, wayoyin lantarki da garken dabbobi. A tashi ana fuskantar iska, 'yan kallo na bayan matuƙi, jirgin kuma kada ya ɓace wa ido. Ƙasashe da yawa sun ƙayyade tsayin tashi a mita 120. A guji filayen jirgin sama, barikoki da sauran wuraren tsaro baki ɗaya.

A shekarar 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta sanar da cewa ba a yarda a tashi jirgi mara matuƙi ba sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Saboda haka duk mai wannan sha'awa ya tuntuɓi hukumar domin sanin ƙa'idar da ta shafi jirginsa, ya kuma sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa kafin ranar gwaji.

Kira ga Shugabanni da Iyaye

Idan matashi ya zo da jirginsa, muna ba da shawarar a yi masa tambayoyi huɗu: Yana da izini? A wane fili zai tashi? Injin na mutuwa idan sadarwa ta yanke? A ina yake cajin batir? Wanda ya amsa su yadda ya kamata ya cancanci a taimaka masa da fili da rana. Ilimin da yake koyo shi ne tushen abin da ake karantarwa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da Cibiyar Fasaha ta Sojojin Sama da ke Kaduna, garin da aka ƙaddamar da jirgi mara matuƙi mai suna Tsaigumi a 2018.

Jirgin da aka gani yana shawagi ba a san mai shi ba kuwa, kada a jefe shi, kada a taɓa shi idan ya faɗo. A hana yara zuwa kusa, a kai rahoto ga hukuma ba tare da ɓata lokaci ba.