Bakteriyar da ke tsaron hanjin jarirai: Abin da iyaye a Kurya Madaro ya kamata su sani

A Kurya Madaro da ke Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda, kamar sauran garuruwan arewacin Zamfara, akan ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo tun bai yi arba'in ba. Likitoci sun ce hakan na janyo gudawa, wadda ke saurin jefa yaro cikin tamowa, cutar da ƙungiyar MSF ke jinyar masu ita a asibitocin Shinkafi da Zurmi.

Kariyar jariri na farawa ne daga hanjinsa. A 1899, likitan Faransa Henry Tissier ya gano bakteriyar Bifidobacterium a kashin jarirai masu shan mama. Nonon uwa na ɗauke da wani sukari da jariri ba ya iya narkarwa. Wannan bakteriya ce ke cinye shi, sannan ta fitar da tsamin da ke hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Manya kuma na samun wata mai amfani, Lactobacillus, a kindirmo, sai dai satar shanu ta rage nono a yankin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6. Idan gudawa ta kama yaro, a ba shi ORS da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayarwa.