Mota Mai Makulli Ɗaya

Da yawa daga cikin motocin da ke shigowa ƙasar nan ta tashar Legas ko ta Kwatano da makulli ɗaya tal suke isowa. Daga kamfani da biyu suka fito, wasu ma da uku, amma kafin mota ta bar filin gwanjo a Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta bi hannun dillalai har ta sauka Kano ko Kaduna, sauran sun salwanta. Mai saye zai buɗe inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya saurari giya, ya ja ciniki a kan tayoyi, sannan ya karɓi makulli guda ya jefa aljihu bai ce uffan ba. A ganina wannan sakaci ne mai tsada, kuma tushensa shi ne har yanzu muna kallon makullin mota da idon zamanin Fijo.

A wancan zamani, lokacin da kamfanin Peugeot ke harhaɗa 504 a Kaduna, makulli ƙarfe ne kawai. In ya ɓata, sai a je wurin mai yankan makulli a kasuwa, ko a sauya kan makullin baki ɗaya. Ɓarawo ma bai sha wahala ba, wayoyi biyu zai haɗa ya tafi. Yawan satar motoci a Turai ne ya sa aka sake tsari. Jamus ta wajabta wa sababbin motoci na'urar hana inji tashi daga 1 ga Janairun 1998, Ingila ta bi a Oktoban shekarar, Ostireliya a 2001, Kanada a 2007. Binciken da masana tattalin arziki Jan van Ours da Ben Vollaard suka wallafa a 2016 ya kiyasta cewa na'urar ta rage satar motoci da kusan kashi 40 cikin ɗari. Amurka ba ta wajabta ta ba, kuma ta ɗanɗana kuɗarta: daga 2021 matasa suka riƙa sace motocin Kia da Hyundai marasa na'urar, suna koya wa juna dabarar a TikTok.

A cikin baƙar robar da ke kan makulli akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, masu sana'ar suna kiranta cif. Ba ta da batir. Kewaye da ramin makulli akwai zoben waya, da zarar an murɗa, zoben zai aika mata ƙarfin lantarki, ta farka ta faɗi lambarta. In ƙwaƙwalwar motar ta san lambar, ta saki fetur da wuta. In ba ta sani ba, a wasu motocin injin zai yi ta juyawa bai kama ba, a wasu ko motsi ba zai yi ba, wata 'yar fitila kuma tana ta ƙiftawa a dashbod. Mutane da dama sun sayi sabon famfon mai ko filogi a kan wannan matsala, alhali makullin ne ya faɗi ƙasa ƙwayar ta fita.

Rimot ɗin buɗe ƙofa kuwa aikinsa daban, duk da suna zaune a gida ɗaya. Shi ne mai cin batir, galibi CR2032 mai bol 3. Kuma a nan akwai abin da ke cin kuɗin mutane a banza: motocin da aka yi wa kasuwar Amurka yawanci a kan megahaz 315 rimot ɗinsu ke magana, na Turai a kan 433. Rimot biyu za su yi kama ƙwarai a ido, amma wanda aka ciro daga Corolla 'yar Beljiyam ba zai buɗe Corolla 'yar Amurka ba, ko wane gwani ne ya saita shi.

Motar da ta rasa makulli ba ta iya zuwa gareji, shi ya sa sana'ar ta zama ta tafi-da-gidanka. A Turai da Amurka mai aikin yakan zo da ƙaramar motar kaya da injin yanka a bayanta. Namu yakan iso a kan babur ko Keke Napep, jaka rataye a kafaɗa. Zai durƙusa a bakin ƙofar direba, ya haska fitilar wayarsa ƙarƙashin sitiyari, ya lalubo wata kafa mai baki 16, wadda doka ta sa a kowace motar Amurka tun 1996. Nan zai soka wayar na'urarsa, Autel ce ko Launch ko Xhorse, dukkansu 'yan birnin Shenzhen na ƙasar Sin. In akwai makulli ɗaya mai aiki, abin ba ya ɗaukar lokaci: a sa tsohon, motar ta shaida shi, a cire, a sa sabon, fitilar ta daina ƙiftawa, an gama.

In babu ko ɗaya, nan ake gane gwani. A tsofaffin Toyota sau da yawa sai an kwance dashbod, an ciro ƙwaƙwalwar ko akwatin tsaron, an ɗaga wata 'yar ƙwayar ajiya mai ƙafa takwas da ƙarfen narka dalma, an sake rubuta ta, an mayar. Hannu ya ɗan karkace, ƙwaƙwalwar ta tafi ke nan. A waɗanda suka biyo baya na'urar kan share tsarin ta kafar ƙarƙashin sitiyari, amma sai an zauna jiran kusan minti 16, jinkirin da kamfanin ya sa da gangan don kada ɓarawo ya yi aikin a tsaye. Wahalar da kuɗin duk sun ninka na yin makulli na biyu tun ana da na farko. Akwai kuma tarkon da masu Toyota ya kamata su sani: a samfura da yawa baƙin makulli shi ne babba, ruwan toka kuwa ƙarami ne da aka yi don ba wa mai ajiye mota a otal. Yana tayar da inji sarai, amma ba ya ba da izinin ƙara wani. Wanda aka miƙa wa ruwan toka kaɗai ranar ciniki, kusan a matsayin marar makulli yake.

Akwai gajeriyar hanyar da wasu masu wayarin ke bi, wadda nake ganin ta fi komai muni. Sai a fasa makullin, a ciro ƙwayar, a liƙa ta da salatif a jikin zoben, a rufe murfin sitiyari, a yanka ƙarafa uku a kasuwa. Mai mota ya tafi yana murna ya samu makullai da araha, bai san an kashe tsaron motarsa gaba ɗaya ba. Daga ranar, duk ƙarfen da ya iya murɗa kan makullin zai tayar da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Na'urar da ke ceton magidancin da ya tsaya cirko-cirko a bakin asibiti da dare, ita ce dai ɓarawo ke bukata. Yawancin masu wannan aiki matasa ne masu hazaƙa da suka koya da guminsu, kuma halal suke nema, amma ba abin da ya tilasta musu tambayar wanda ya kira su ko motar tasa ce. Lamarin kuwa ya wuce unguwa: a Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya. A Amurka, mai sana'ar makullin da ke son lambobin sirri daga kamfani sai ya yi rajista da ƙungiyar NASTF, ya kuma tabbatar da shaidar mai mota a kowane aiki.

Mai mota ma yana da nasa aikin. Ranar da za a yi masa makulli na biyu, ya ce a nuna masa makullai nawa ƙwaƙwalwar ta sani. In allo ya nuna uku, ɗaya kuma ke hannunsa, to biyu suna wani wuri, ya sa a goge su nan take. Masu sana'ar kuwa ba sai sun jira majalisa ba. Ƙungiyar makanikai ta NATA da shugabannin kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suna da ikon sa doka a kan 'ya'yansu: duk motar da ba ta da makulli ko ɗaya, ba a taɓa ta sai an ga takardunta, an gwada lambar shasi da ta jikin takarda, an ɗauki hoton katin shaidar wanda ya kira, an rubuta a littafi da kwanan wata.