Darasun Na'ura A Duniyar Hoto

Duk wanda ya taɓa zama a tsangaya a ƙasar Baure, ko a wani gari na masarautar Daura, ya san abin da a ke kira darasu. Gardi ya kan rubuta allonsa da ka, sa'an nan ya kai gaban alaramma. Shi kuwa alaramma sai ya bi shi baƙi-baƙi, wasali-wasali, in ya ga ɗigo ya ɓace, ko fataha ta zauna gurbin kisira, ya gyara. Haka kuma wanda ya rubuta izu sittin a takarda, ba ya sa shi cikin gafaka sai an yi masa muƙabala, an duba jan wasali da rawayar hamza, kowanne a mazauninsa.

To, ga shi masu gina duniyar hoto ta cikin kwamfuta sun iske kansu cikin irin wannan aiki. Duniyar hoto, watau gari da kasuwa da mutane waɗanda babu su sai a fuskar na'ura, mutum ya shiga ya yi yawo ya yi ciniki, kamar wadda a ke kira Second Life da kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe a 2003, da kuma wasannin da yara ke bugawa a waya. Wannan hoto ba sau ɗaya a ke zana shi a ajiye ba. Na'ura ce ke sāke zana shi sau 30 ko sau 60 a kowace daƙiƙa, kuma fuskar da ke da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye tana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Ina alaramman da zai iya bin wannan allo?

Kurakuran kuwa iri-iri ne. Wani lokaci bango ya kan rasa yaɓensa, sai ya fito da launin hoda mai kashe ido, wanda shi ne alamar da manhajar Unity ke nunawa in ta kasa samun abin da za ta shafa. Wani lokaci bango biyu su haɗu a wuri guda, su dinga ƙyafta kamar suna rigimar gado. Wani lokaci inuwa ta tsaya babu mai ita, ko mutum ya nutse cikin ƙasa har gwiwa. Tun da magina kullum cikin sauye-sauye su ke, sau da yawa gyaran ƙofa shi ke ɓata taga.

Dabarar da su ka yi ita ce muƙabala. Da farko mutum ya zaɓi wurare, a ɗauki hotonsu sa'ad da kome ya ke daidai, ya duba ya sa hannu. Waɗannan su ne asali. Bayan haka, duk sa'ad da aka taɓa ginin, na'ura da kanta ta koma wuraren nan, ta tsaya inda aka tsaya, ta tsai da rana da iska da ruwa yadda su ke a asalin, ta ɗauki sabon hoto. Sai ta jera biyun ta bi su ɗigo-ɗigo, inda su ka saɓa ta shafa masa launi ta kai ƙara. Manhajar Unreal Engine tana da irin wannan ma'auni a cikinta. Abin da zai ci wa mutum mako, na'ura ta gama kafin asuba.

Amma akwai gejin rangwame. 'Yan kasuwa sun san cewa turmi biyu na shadda, ko daga marina ɗaya su ka fito, da wuya launinsu ya zo ɗaya sak da samfur. Haka na'urori biyu ba sa zana inuwa daidai wa daida. In aka tsananta ma'auni, ƙarar ƙarya ta yi yawa har a daina saurare. In aka sassauta, kuskure ya wuce da rawaninsa. Mutum ne ke yanke gejin.

Babban abin lura shi ne, na'ura ba ta san gaskiya ba, asali kaɗai ta sani. Malaman Baure da ke karatu da riwayar Warshu suna sa wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun kuwa ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas, mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa'un. In aka ba na'ura asalin gabas, za ta kama daidai ta ce kuskure ne. Sai a 2016 ƙungiyar Unicode, mai raba wa haruffan duniya lamba, ta ware wa fa'un da ƙafun da nunun irin na Afirka lambobinsu. Kuma an sha ganin wasanni da allunan Larabci a cikinsu, haruffa a warwatse, an jero su daga hagu. In haka asalin ya ke, na'ura za ta shaide shi kullum.

Akwai ma abin da ya fi haka nauyi. A 2021 kamfanin Activision ya nemi afuwar Musulmi, ya kuma cire shafukan Alƙur'ani da aka gani a yashe a ƙasa cikin wasan Call of Duty: Vanguard. Ta fuskar ɗigo babu kuskure ko ɗaya a hoton nan. Waɗanda su ka san abin da ke rubuce su ne su ka gani.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke sayar da waya mai Alƙur'ani a ciki, da malamin da zai kai littafinsa a buga da kwamfuta, tambaya ɗaya ke gare su: wane ne ya duba asalin, kuma da wace riwaya? Ko maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, wadda aka buɗe a 1984, duk da injunanta, malamai ne ke bin mus'hafi kafin ya fita. Na'ura mudu ce, ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi; amma Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, ya san kima. Allah ya ƙara wa alarammomi lafiyar ido, amin.