2.3 Haɗa Furotin A Wajen Rayayyiyar Ƙwayar Halitta

Hanyar da aka fi sabawa da ita wajen samar da furotin a ɗakin gwaje-gwaje ita ce a cusa wa bakteriya gutsuren DNA mai ɗauke da umarnin furotin ɗin da ake so, a rene ta, sannan a fasa ta a tsame abin da ta haɗa. Matsalar wannan hanya kuwa ita ce, ƙwayar halitta abu ce mai rai, saboda haka rayuwarta ce a gabanta, ba buƙatar mai bincike ba. Idan furotin ɗin guba ne a gare ta, sai ta mutu. Idan kuma baƙo ne, takan narkar da shi, ko ta dunƙule shi ya tashi daga aiki. Dabarar da wannan sashe zai yi bayani a kanta ita ce a fasa ƙwayar tun da farko, a ɗebi kayan aikin da ke cikinta, a sa su haɗa furotin a cikin kwalbar gwaji.

2.3.1 Asalin Dabarar

A shekarar 1897 wani masani Bajamushe, Eduard Buchner, ya nuna cewa ruwan da aka matso daga yis yana iya juya sukari ya zama barasa, alhali babu rayayyiyar ƙwaya a cikinsa. Wato ke nan aikin ƙwaya ba ya tsayawa don an fasa ta. Daga baya, cikin shekarun 1950, Paul Zamecnik da abokan aikinsa a Boston suka samu ruwan hantar ɓera yana haɗa furotin.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne wanda Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka yi a Amurka a watan Mayun 1961. Sun fasa bakteriyar E. coli, suka kawar da umarninta na asali, sannan suka zuba wa ruwan wani RNA na haɗi wanda harafi ɗaya tak ya ƙunsa, wato U, ana ta maimaita shi. Abin da ya fito shi ne sarƙar amino asid iri ɗaya, fenilalanin. Da wannan ne aka karanta kalma ta farko a rubutun gado, wato UUU. Abin lura a nan shi ne, da a cikin rayayyiyar ƙwaya aka gwada, da sakamakon ya ɓace a tsakanin dubban furotin da take haɗawa don kanta. Nirenberg ya sami kyautar Nobel a 1968.

2.3.2 Yadda Ake Gudanar Da Aikin

Bayan an fasa ƙwayoyin, akan juya su a na'ura da matuƙar gudu har ɓawo da sauran tarkace su kwanta. Ruwan da ya rage a sama shi ne ke ɗauke da ribosom, wato masaƙar furotin, tare da inzayim ɗin da ke taya ta aiki. Sai mai bincike ya ƙara amino asid iri 20, da gishirin magniziyam da na fotasiyam, da sinadaran ƙarfi irin su ATP, da kuma umarnin. A cikin 'yan sa'o'i furotin yakan samu, maimakon kwanaki. Tun da babu bango tsakanin mai bincike da aikin, yana iya ƙara abin da ya so ko ya rage a duk lokacin da ya ga dama.

Ba daga bakteriya kaɗai ake samun ruwan ba. Ana amfani da na ɗanyun ƙwayoyin jinin zomo, wanda Pelham da Jackson suka inganta a Kambirij a 1976, da kuma na ƙwayar tsiron alkama. Wannan na ƙarshe ya taimaka wa binciken zazzaɓin cizon sauro, domin kuwa yawancin furotin na ƙwayar cutar ba sa haɗuwa daidai a cikin E. coli. Masana a Jami'ar Ehime ta Japan sun yi amfani da ruwan alkama suka haɗa da yawa daga cikinsu, don tantance waɗanda za su dace da allurar rigakafi.

2.3.3 Raunin Dabarar

Rayayyiyar ƙwaya ita ke ciyar da kanta, ta kuma fitar da dattinta. Ruwan kwalba ba ya iya ko ɗaya daga ciki. Ƙarfi yakan ƙare, fosfet ya taru ya riƙe magniziyam, aiki ya tsaya. A 1988 Alexander Spirin na Tarayyar Sobiyet ya rage wannan matsala ta hanyar kwararo sababbin sinadarai a kai a kai, ana kuma janye dattin. A 2001 kuma masu bincike a Jami'ar Tokyo suka tace kowane ɓangare daban, sannan suka harhaɗa su, ta yadda an san duk abin da ke cikin kwalbar. Sai dai abin da yake haɗawa bai kai na ɗanyen ruwa yawa ba, ga kuma tsada. Idan furotin mai yawa ake buƙata, kuma bakteriya na iya haɗa shi, to renon bakteriyar ya fi sauƙin kuɗi.